Wasan Lemar Teku: A Tafi Da Kaya Daga Gida Ko A Yi Haya A Bakin Ruwa?

A watan Agustan 2024, a gaɓar birnin Marseille na ƙasar Faransa, wasan zamiya a kan teku da lema ya shiga gasar Olamfik a karon farko. Ellie Aldridge ta Birtaniya ce ta lashe zinaren mata, Valentin Bontus na Ostiriya ya ɗauki na maza, yayin da Max Maeder, matashi ɗan shekara 17, ya samo wa Singafo tagulla. Sai dai iska ta yi ta yi wa gasar gardama, har sai da aka ɗage wasan ƙarshe na maza zuwa washegari. Zakarun duniya sun zauna a bakin ruwa da kayansu masu tsada, suna jiran abin da ba su da iko a kansa.

Wasan, wanda Turawa ke kira kaitsafin, ya samo asali ne daga aikin wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, waɗanda suka yi rajistar ƙirar lemar da ake hura wa iska a shekarar 1984. Mutum yakan tsaya a kan allo, wata babbar lema tana sama tana jan sa da dogayen igiyoyi, shi kuma yana sarrafa ta da sanda. A yau akwai makarantu da shagunan hayar kayan wasan a gaɓar Masar, Maroko, Tanzaniya, Kenya, Cape Verde da Afirka ta Kudu.

Abuja ba ta da teku, kuma duk fitattun wuraren wasan sai an hau jirgi kafin a kai gare su. Saboda haka ma'aikacin da ya koyi wasan a lokacin karatu ko hutu a waje, da hadimin da aka ɗora wa shirya tafiyar maigidansa ko ta 'ya'yansa, tambaya ɗaya ce ke gabansu: a ɗauki kaya daga gida, ko a yi haya idan an isa? Amsar tana taɓa aljihu, tana taɓa 'yan kwanakin hutun da aka samu da ƙyar, a wasu lokuta ma tana taɓa rai.

Abin da ke cikin jakar

Cikakken kayan wasan ya ƙunshi lema, sandar sarrafawa da igiyoyinta, allo, ɗamarar da ake maƙala igiyar a ƙugu, da famfon hura iska. Ana ƙara musu hular kwano, rigar ceto, da rigar roba mai riƙe ɗumin jiki idan ruwan wurin mai sanyi ne. Igiyoyin yawanci huɗu ne, wani lokaci biyar, kowace tsawonta tsakanin mita 20 zuwa 24. Allon da aka fi amfani da shi, mai baki biyu iri ɗaya, tsawonsa tsakanin santimita 130 zuwa 145 ne.

Ita lema ana auna ta ne da murabba'in mita. Ƙanana suna farawa daga biyar, manya suna kai 17. Nauyin kowace yana kusa da kilo uku, babba ta fi haka. Idan aka haɗa lema biyu, allo, sanda, ɗamara, famfo da jakar kanta, nauyin yakan kai tsakanin kilo 15 zuwa 20. Da zarar an ƙara lema ta uku da rigar roba, an taɓo kilo 23, wanda shi ne iyakar jaka ɗaya ga mai tikitin gama-gari a yawancin jiragen ƙasa da ƙasa.

Farashin ma ba ƙarami ba ne. Sabuwar lema ɗaya daga manyan kamfanoni irin su Duotone, North, Cabrinha, Core ko F-One ta haura dala 1,000, ba a haɗa da sanda ba. Wanda ya sayi lema biyu da allo da sanda da ɗamara sababbi, da wuya ya kashe ƙasa da dala 3,000.

Dalilin da lema ɗaya ba ta isa

Ƙarfin da iska ke jan lema da shi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta. Idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin jan yana ninkawa sau huɗu. Tashin iska daga kilomita 25 a sa'a zuwa 35 kawai ya isa ya kusan ninka abin da mai wasa ke ji a ƙugunsa. Lemar da ta dace da safe tana iya zama haɗari da la'asar.

Mutum mai nauyin kilo 75 zuwa 80 yakan yi amfani da lema mai murabba'in mita 12 idan iska na gudu tsakanin kilomita 26 zuwa 37 a sa'a. Idan ta haura haka sai ya koma mai tara, idan ta ƙara tsananta ya sauko zuwa mai bakwai ko ƙasa da haka. Mai jiki mara nauyi yana buƙatar ƙarama, mai ƙiba kuma babba. Shi ya sa masu wasan ke mallakar lema biyu ko uku.

A nan ne haya ke da fifikonta na farko. Shago mai kyau yana da lemomi na kowane girma a rataye, kuma yawanci kuɗin hayar yini ya haɗa da damar canzawa. Idan iska ta tashi, mai haya ya fito ya miƙa mai 12 ya karɓi mai tara. Wanda ya zo da nasa kuwa, abin da ke jakarsa shi ne iyakarsa. Idan ya yi kuskuren hasashen yanayin wurin, ya biya kuɗin ɗaukar kaya, kuma dole ya sake biyan haya.

Ma'aunin filin jirgi

Nauyi ba shi ne babbar matsalar jakar wasan ba, tsawo ne. Kamfanonin jirage da yawa sun ƙayyade cewa jimillar tsawo da faɗi da kaurin jaka kada su wuce santimita 158. Jakar da za ta ɗauki allo mai tsawon santimita 140 ta riga ta karya wannan ƙa'ida. Daga nan sai ta koma rukunin kayan wasanni, inda kowane kamfani ke da nasa tsarin. Wasu suna lissafa ta a cikin kason matafiyi kyauta, wasu suna karɓar kuɗi na musamman a kowace tafiya, wasu kuma suna buƙatar a sanar da su kwana ɗaya ko biyu kafin tashi. Jakar da ta wuce kilo 32 kuwa yawanci ba a karɓar ta a matsayin kayan fasinja ko da za a biya.

Matafiyin da ya tashi daga Abuja ko Legas yana da ɗan sauƙi, domin jirage da dama da ke wannan hanya suna ba da jaka biyu masu kilo 23 kowace. Amma zuwa gaɓar wasan yawanci sai an yada zango: ta Adis Ababa zuwa Zanzibar, ta Alƙahira zuwa Hurghada, ta Kasablanka zuwa Dakhla. Idan tikitin guda ne tun daga gida har ƙarshe, akwai ƙa'ida ɗaya da za a bi, kuma ya kamata a same ta a rubuce. Idan kuwa an yanki tikiti biyu daban don neman sauƙi, kowane kamfani zai auna ya karɓi nasa, sannan sai an fito da jakar an sake shigar da ita. Ƙananan jiragen cikin gida kuma wani lokaci ɗakin kayansu ba ya ɗaukar doguwar jaka.

Akwai wata tsohuwar dabara a tsakanin masu wasan. Da yake wasu kamfanoni suna sassauta wa kayan wasan golf, sai aka riƙa ɗinka jakunkunan lema da siffar jakar golf, har da sunan a jikinsu. Ma'aikatan filin jirgi sun daɗe da gane wannan, kuma suna da ikon buɗe jaka. Wanda aka kama zai biya farashin kanta, wanda ya fi na wanda ya yi rajista tun daga gida. Ga jami'in gwamnati mai tafiya da fasfon aiki, kunyar ta fi kuɗin ciwo.

Sai batun ɓacewa da lalacewa. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ta shigar cikin dokarta ta sufurin jiragen sama, ta ƙayyade iyakar diyyar da kamfani zai biya a kan kaya. Tun daga ƙarshen Disambar 2024 iyakar ita ce 1,519 a ma'aunin kuɗi na Asusun IMF da ake kira SDR, wato kimanin dala 2,000. Wannan adadi na fasinja ne gaba ɗaya, ba na kowace jaka ba. Jakar da ke ɗauke da kayan dala 3,000 ko 4,000 ta wuce abin da dokar ta tanada, sai dai idan mai ita ya bayyana darajarta a lokacin awo ya biya ƙari. Idan an ga lalacewa, dole a kai koke a rubuce cikin kwana bakwai, idan jinkiri ne cikin kwana 21. Mafi aminci shi ne a cike takardar rahoton kaya kafin a bar zauren karɓar jakunkuna.

Ko da an biya diyya, ba a biyan kwanakin da suka wuce. Jakar da ta makale kwana uku a zango ta cinye kusan rabin hutun mako guda.

Ba kowa ake ba haya ba

Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne ɗaukar cewa duk mai kuɗi zai samu haya. Shagunan da suka san abin da suke yi suna neman shaidar ƙwarewa. Wadda aka fi sani ita ce katin ƙungiyar IKO, wadda aka kafa a 2001, mai hedikwata a garin Cabarete na Jamhuriyar Dominika. Akwai kuma lasisin ƙungiyar VDWS ta Jamus, wanda ya yaɗu a shagunan Bahar Maliya. Abin da ake so a tabbatar shi ne mutum ya kai matakin cin gashin kansa: yana iya tayar da lema da sauke ta lafiya, yana iya komawa inda ya taso ba tare da iska ta kwashe shi ba, kuma ya san yadda zai ceci kansa idan lema ta faɗi a tsakiyar ruwa.

Wanda ba shi da kati, ana iya sa shi gwaji a gaban malami. Idan bai ci ba, sai a ba shi haya ƙarƙashin sa ido ko a mayar da shi darasi, dukansu kuma sun fi haya zalla tsada. Ga sabon shiga kuwa, tambayar ma ba ta taso ba. Kuɗin darasi ya haɗa da kaya, kuma lemar da ɗalibi ke koyo da ita tana shan faɗuwa a ruwa da rairayi. Gara ta makaranta ta sha wannan wahala.

Farashin haya ya bambanta daga gaɓa zuwa gaba, amma a wurare da yawa cikakken kaya na yini guda yana tsakanin yuro 60 zuwa 100, ana kuma rage wa mai ɗaukar mako. Abubuwan da ke bayan takardar su ne abin dubawa. Wa zai biya idan lema ta yage? Shaguna da dama suna sayar da ƙaramar inshorar lalacewa, wadda sau da yawa ba ta shafi ɓatan allo a teku ba. Shin kuɗin ya haɗa da kwale-kwalen ceto? Idan iska ta ƙi zuwa, ana mayar da kuɗin ranar ko ana ɗage ta zuwa gaba? A lokacin cunkoso kuma, girman da kowa ke so yakan ƙare tun da hantsi, wanda bai yi ajiya da wuri ba sai ya ɗauki abin da ya rage.

Akwai kuma kuɗin jingina, wanda ake riƙewa a kati. Bankunan Najeriya da dama sun dakatar da amfani da katin naira a ƙasashen waje a 2022, wasu suka dawo da shi a 2025 tare da iyaka. Matafiyin da bai tanadi katin dala ko tsabar kuɗi ba yana iya isa bakin ruwa ya kasa karɓar kaya.

Inda rai ya shigo

Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma a wannan wasa maganar tana da nauyi na zahiri. A jikin kowace sanda akwai makullin gaggawa, wanda ake turawa gaba don a saki lema idan ta fi ƙarfin mutum. A 2020 hukumar ƙa'idoji ta duniya ta fitar da mizani mai lamba ISO 21853 domin wannan makulli. Duk da haka, siffarsa da yadda ake mayar da shi bayan an saki sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani. A lokacin da iska ke jan mutum zuwa duwatsu, hannu yana zuwa inda ya saba ne. Daƙiƙa biyu na lalube suna iya zama bambancin tsira da karaya.

Mai kayansa ya san shekarun igiyoyinsa, ya san inda aka yi wa lemarsa faci. Kayan haya kuwa suna aiki kusan kullum, a hannu daban-daban, cikin rana da gishiri da yashi. Manyan shaguna sukan sabunta kayansu duk shekara, ƙanana kuma sukan riƙe su har su gaji. Ƙwararru suna duba abubuwa kaɗan kafin su karɓa: ko igiyoyi sun yi gashi ko ƙulli, ko tsawonsu ya daidaita, ko lema tana riƙe iska bayan minti goma da hurawa, sannan su gwada sakin makullin da mayar da shi tun suna kan tudu.

Amma mallaka ma ba ta ba da tabbaci. A cikin bakin lema akwai tib na roba mai laushi, da bawul da aka manna masa da gam. Zafi yana narkar da gam ɗin a hankali. Lemar da ta kwana wata goma sha ɗaya a sito ko gareji, ta ratsa zafin Maris da Afrilu na Abuja, tana iya fitowa da bawul ɗin da ya saki ko da ba ta taɓa ruwa ba. Wanda bai hura ta a tsakar gida ya gwada kafin tafiya ba, a bakin teku zai gano.

Inshorar tafiya ta gama-gari ma sau da yawa tana cire irin wannan wasa daga abin da take biya. Ana buƙatar wadda ta ambace shi a fili, ta kuma haɗa da ɓarnar da mutum ka iya yi wa wani. Igiyar lema idan ta ɗaure tana yanka kamar wuƙa. A Zanzibar, tun daga Oktoban 2024, an wajabta wa baƙi sayen inshorar dala 44 daga kamfanin inshorar tsibirin, kuma ya kamata a karanta abin da ta ƙunsa kafin a dogara da ita.

Kowace gaɓa da halinta

Wurin da za a je yana warware rabin tambayar. El Gouna, mai nisan kusan kilomita 25 arewa da Hurghada, ruwansa kwance ne mara zurfi, kuma shagunan haya sun cika shi. Iska ta fi ƙarfi daga Mayu zuwa Oktoba. Wanda zai yi kwana huɗu ko biyar a can ba shi da dalilin jan jaka.

Paje, a gabashin Zanzibar, yana da lokutan iska biyu: Kaskazi daga tsakiyar Disamba zuwa Maris, da Kusi daga Yuni zuwa Satumba. Haka lamarin yake a Diani da Watamu na Kenya. Iskar nan matsakaiciya ce, don haka manyan lemomi ake buƙata, su ne kuma suka fi nauyi da cin wuri a jaka. Idan teku ta janye, akwai ƙayar teku da turakun gonakin ciyawar ruwa da matan yankin ke nomawa, saboda haka takalmin roba ya zama dole.

Cape Town akasin haka ne. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar kudu maso gabas tana kaɗawa da tsananin ƙarfi a gaɓar Bloubergstrand, inda ake gasar tsalle ta Red Bull King of the Air. Ruwan yana da sanyi ƙwarai ko a tsakiyar bazararsu, saboda igiyar ruwan Benguela. Lema mai 12 da aka saba da ita a Zanzibar za ta shafe yawancin kwanakinta a jaka. Masu matsakaicin ƙwarewa sukan nufi tafkin Langebaan, inda ruwa ya fi kwanciya.

Tsibirin Sal na Cape Verde yana samun iska daga ƙarshen shekara zuwa wajen Afrilu, kuma shi ne mahaifar Mitu Monteiro, zakaran duniya na hawan igiyar ruwa a 2008. Ƙasar mamba ce a ECOWAS, don haka mai fasfon Najeriya ba ya buƙatar biza. Sai dai hanyar tana da zango, kuma kowane zango ƙarin haɗari ne ga doguwar jaka.

Dakhla tana kan wani zirin ƙasa mai tsawon kusan kilomita 40, da tafkin teku a gefensa, kuma tana samun iska mafi yawan shekara. Masaukan wasan suna da nisa da gari, shi ya sa wanda kayansa suka lalace ya dogara ne da abin da masaukinsa ke da shi. Jami'an gwamnati kuma suna da abin lura: garin yana Yammacin Sahara ne, yankin da Maroko ke gudanarwa amma ƙungiyar Polisario ke neman 'yancinsa, kuma Najeriya ta amince da Jamhuriyar Sahrawi tun 1984.

A jihar Ceará ta Brazil, inda iska ke kaɗawa daga Yuli zuwa Janairu, masu wasa sukan bi gaɓa daga ƙauye zuwa ƙauye, mota na biye da su. Irin wannan tafiya ta fi dacewa da mai kayansa, domin shagon da ke Cumbuco ba lalle ne ya yarda lemarsa ta kwana a wani gari ba.

Lissafin aljihu

A ɗauki misali kawai: haya yuro 80 a yini, ɗaukar jaka yuro 100 zuwa, 100 dawowa. Ga wanda ya riga ya mallaki kaya, yuro 200 ɗin nan daidai yake da hayar kwana biyu da rabi. Idan zai yi wasa kwana uku ko fiye, ɗaukar nasa ya fi sauƙi. Idan taro ne ya kai shi, kuma rana ɗaya ko biyu kawai zai samu, haya ta fi.

Ga wanda bai mallaka ba, lissafin daban ne. Hayar kwana bakwai ta kama yuro 560. Idan ya sayi nasa, zai riƙa biyan 200 na jirgi a kowace tafiya, wato rarar da zai samu 360 ce. Kayan yuro 3,000 ba za su mayar da kuɗinsu ba sai bayan tafiya ta takwas. Mai fita sau ɗaya a shekara zai kai wannan matsayi ne bayan kayan sun tsufa. Wannan ma idan iska ta zo kowace rana ke nan. Idan ta zo kwana huɗu cikin bakwai, mai biyan haya kullum-kullum ya kashe 320 kacal.

Ga mai karɓar albashi da naira, duk waɗannan alƙaluma sun ƙara nauyi. Kafin Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a kasuwar hukuma, a cikin 2024 kuwa ta haura 1,500. Sayen kaya yana nufin fitar da miliyoyi a lokaci guda, ga kuma wahalar samun kayan gyara da mai ɗinkin lema a gida. Akwai kuma ƙananan kuɗaɗe da ake mantawa da su: babbar motar da za ta ɗauki jakar daga filin jirgi, da kuɗin ajiya da na ceto da shaguna ke karɓa daga masu zuwa da kayansu.

Raba kaya gida biyu

Da yawa daga tsofaffin hannu ba sa zaɓar ɓangare ɗaya. Sukan ɗauki abin da ya shafi jiki, su yi hayar abin da ya shafi iska. Ɗamara ita ce ta farko, domin wadda ba ta zauna daidai ba tana hawa haƙarƙari ta gurje fata cikin sa'a guda. Sai rigar roba, takalmi da hular kwano. Duk waɗannan suna shiga akwati na yau da kullum.

Wasu sukan ƙara da lema ɗaya ko biyu, tun da lema tana naɗewa ta shiga akwati, sai su yi hayar allo kawai, wanda shi ne ke jawo matsalar tsawo kuma hayarsa ta fi araha. Akwai ma alluna masu rabewa biyu da aka ƙera don wannan. Ɗaukar sanda kaɗai kuwa yana buƙatar tambaya tukuna, domin tsarin igiyoyin wani kamfani ba lalle ne ya dace da lemar wani ba, kuma shaguna da yawa ba sa yarda a haɗa.

Wanda ya yanke shawarar tafiya da komai, akwai ƙa'idojin shiri da aka sani. A kwance fikafikan allo, a naɗe gefunansa da rigar roba. A shanya lema ta bushe, a kakkaɓe yashi, domin danshi yana ƙara nauyi kuma yana kawo fumfuna. Wuƙar yanke igiya tana tafiya a jakar awo, famfo mai batir kuma batirinsa yana tafiya a jakar hannu. A ɗauki hoton kayan kafin a rufe, a riƙe rasit ɗin saye saboda kwastan da kuma neman diyya.

Idan tafiyar ta aiki ce

A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da tafiye-tafiyen jami'ai zuwa ƙasashen waje da kuɗin gwamnati na tsawon wata uku, daga 1 ga Afrilu, saboda yawan kuɗin da suke ci. Tun daga lokacin ido ya ƙara buɗewa a kan abin da ake kashewa a irin waɗannan tafiye-tafiye. Kuɗin awon kayan wasa ba ya cikin hidimar ofis, kuma rasit ɗinsa ba shi da gurbi a takardun da za a miƙa wa akanta. Jami'in da ya haɗa taro da hutun ƙarshen mako, haya daga aljihunsa ta fi masa tsafta, ta kuma raba shi da jan doguwar jaka a gaban tawaga.

Hadimin da ke shirya tafiyar kuwa, aikinsa yana ƙarewa ne da amsoshi biyar a rubuce kafin a yanki tikiti: matakin ƙwarewar mai tafiyar da katin da ke tabbatar da shi, nauyin jikinsa, watan tafiya da ƙarfin iskar wurin a wannan wata, ƙa'idar kaya ta kowane jirgi da za a hau, da jerin girman lemomin da shagon ya yarda zai ajiye. Idan kwanakin wasa ba su kai uku ba, ko zango ya wuce ɗaya, ko mai tafiyar bai daɗe da koyo ba, haya ce mafita. Idan ƙwararre ne da zai yi mako biyu a wurin da ya san iskarsa, jakar ta cancanci wahalarta, muddin an hura kowace lema an gwada ta kafin a bar gida.